Bindigar Da Mai Ita Bai Dawo Ba

A ranar 6 ga Nuwamban 2014, wasu ma'aikatan gandun dajin Great Basin, can gabashin jihar Nebada ta Amurka, suna bin wani gangaren dutse a hankali, kowa idonsa a ƙasa. Hukumar gandun ce ke shirin sassabe busassun itatuwa da ƙirare a kewayen wani zango na masu yawon buɗe ido da ke kusa da rafin Strawberry, don kada wutar da baƙi ke hurawa da dare ta tsallaka ta kama daji. Ƙa'idar aikin ita ce kafin gatari ya sauka, sai masana kayan tarihi sun taka wurin kaf, ko akwai wani abu da mutanen da suka bari wanda bai kamata a lalata ba. Abin da aka saba tsinta a irin wannan zagaye bai wuce tsinin kibiya na dutse ba, ko fasasshiyar kwalba, ko gwangwanin da tsatsa ta cinye.

Mai kula da sashen kayan tarihi na gandun, wata masaniya da ake kira Eva Jensen, ita ce ta kai dubanta gindin wata bishiyar junifa, irin gajerun bishiyoyin nan masu murɗaɗɗen jiki da ke fitowa a busassun duwatsun yankin. Sai ga bindiga a tsaye. An jingine ta a jikin bishiyar, baki a sama, gindi a ƙasa, daidai yadda maharbi ke ajiye makaminsa idan zai sha ruwa ko zai ɗaure takalmi, da niyyar yanzun nan zai ɗauka ya wuce.

Sai dai wannan "yanzun nan" ya daɗe da wucewa. Gindin bindigar ya nutse inci 4 zuwa 5 cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da suka taru a kansa shekara bayan shekara. Katakonta ya bushe, ya tsattsage, ya koma launin toka. Ƙarfenta ya yi tsatsa har ya zama ruwan ƙasa. Launukan nan biyu kuwa su ne launin ɓawon junifa da inuwar rassanta, shi ya sa bindigar ta saje da bishiyar kamar wani reshe. Zango yana nan ƙasa kaɗan, mutane suna zuwa suna kafa tanti suna tafiya, ba wanda ya taɓa lura da ita.

Abu na farko da ma'aikatan suka yi shi ne abin da ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya: ba su yi wawaso ba. Sun ɗauki hotonta a inda take, sun rubuta yadda suka same ta, sannan suka ɗaure katakon don kada ya wargaje a hannu, suka sauko da ita. Daga baya an binciki kewayen bishiyar ko za a ga wani abin da zai nuna mai ita, ba a sami komai ba. Da hukumar gandun ta sa hoton a shafinta na Facebook cikin Janairun 2015, labarin ya karaɗe duniya cikin 'yan kwanaki, kowa yana tambaya ɗaya: wa ya jingine ta, me ya hana shi dawowa?

Masana ba su fara da wannan tambayar ba. Sun fara da wadda ƙarfe zai iya amsawa, wato wace bindiga ce, kuma yaushe aka ƙera ta.

Duk da tsatsar, rubutun da aka buga a ƙarfen da ke bayan kunama yana karantuwa: samfurin 1873. Ga duk wanda ya san bindigogin Amurka, wannan ya isa. Winchester ce, ƙirar birnin New Haven na jihar Konetikat, daga cikin bindigogin da ake kira masu liba. A ƙarƙashin kunamarta akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da mai harbi ke zura yatsunsa a ciki, shi ne libar. Idan ya tura ta ƙasa, kwanson da aka harba zai yi tsalle ya fita ta sama, bindigar ta ɗana kanta, sabon harsashi kuma ya taso daga wani dogon bututu da ke kwance ƙarƙashin bakin bindigar. Idan ya mayar da libar sama, harsashin ya shige mazauninsa, sai harbi. Doguwar cikinsu tana cin harsashi 15 a ɗura ɗaya. A zamanin da yawancin sojojin duniya ke sa harsashi ɗaya su harba, su sake sa wani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai kamfanin, Oliver Winchester, asalinsa ba maƙeri ba ne, mai masana'antar ɗinkin riguna ne da ya zuba jari a wani kamfanin bindiga da ya durƙushe. Gwanin ƙirar da ya ɗauka aiki, Benjamin Tyler Henry, shi ya fito da bindiga mai liba da ta ɗauki sunansa a 1860. Aka gyara ta a 1866, aka yi mata wata 'yar ƙofa a gefe ta zura harsashi, fasahar wani ma'aikacin kamfanin mai suna Nelson King. Samfurin 1866 ɗin, mai jikin tagulla, har Daular Usmaniyya ta saye shi da yawa, kuma sojojin Usman Pasha sun yi amfani da shi a kan Rashawa a yaƙin Plevna cikin 1877. Samfurin 1873 ya zo da jikin ƙarfe da kuma sabon harsashi mai ƙarfi da ake kira .44-40, lamba ta farko faɗin harsashin ce, ta biyu nauyin albarushin da ke ciki. Ba da daɗewa ba kamfanin Colt ya fara ƙera ƙaramar bindigar hannu mai cin wannan harsashi, sai ya zama mutumin da ke kan doki ya ɗauki harsashi iri ɗaya ya ciyar da ta kafaɗa da ta ƙugu. Wannan ya ƙara mata kasuwa ƙwarai. Kafin a daina ƙera ta, an fitar da fiye da guda 720,000.

Amurkawa suna yi mata kirari da bindigar da ta ci Yamma da yaƙi. Kirarin 'yan talla ne, kuma yana da kyau a tuna cewa Yammar da aka ce an ci, ƙasar wasu ce. Duwatsun nan da aka tsinci bindigar a cikinsu mazaunin ƙabilun Shoshone da Paiute da Goshute ne tun kafin a san da Nebada. Su ma 'yan asalin ƙasar sun san darajar bindiga mai liba: a karon Little Bighorn na 1876, mayaƙan Lakota da Cheyenne da dama suna riƙe da Henry da Winchester, alhali sojojin Amurka da Custer ya jagoranta na ɗauke da bindigogi masu cin harsashi ɗaya.

To, sanin samfuri bai ba da shekara ba. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure da tsohuwar bindiga: su ga 1873 a jikinta su ɗauka shekarar da aka ƙera ta ke nan. Shekarar da aka fito da ƙirar ce. Kamfanin ya ci gaba da buga wannan lamba a kan kowace bindiga irinta har tsawon shekara arba'in da 'yan kai, har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Haka su ma ranakun da ke rubuce a saman bututunta, 29 ga Maris 1866 da 16 ga Oktoba 1860, ranakun rajistar fasaha ne, ba ranar haihuwar bindigar ba.

Gwanayen harkar suna da alamomin da suke bi tun kafin su duba lamba. Mafi shahara shi ne ɗan murfin ƙura da ke zamewa a saman bindigar, wanda ke rufe ramin da kwanso ke fita. A ƙirar farko, murfin yana gudana ne cikin wasu tsagogi biyu da aka yanka a gefe da gefe. A ta biyu, yana hawa kan wata 'yar doguwar sanda da aka ɗaure da sukurori. A ta uku, sandar da jikin bindigar ƙarfe ɗaya ne, tare aka sassaƙa su. Wanda idonsa ya saba, da ya kalli murfin nan zai ce maka wannan ta farkon zamani ce ko ta ƙarshe. Irin harsashin da take ci shi ma yana taimakawa, don da farko .44-40 kaɗai ake yi, sauran nau'o'in daga baya suka biyo.

Amma shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce lambar ƙira, wadda ake bugawa a ƙarfen ƙasa, bayan liba. Kowace bindiga da tata, ba a maimaitawa. A kan bindigar junifa, lambar ba ta goge ba.

A garin Cody na jihar Wayomin akwai wani babban gidan tarihi da ke ɗauke da sunan Buffalo Bill, a cikinsa kuma akwai sashen bindigogi. Can aka adana tsofaffin kundayen siton kamfanin Winchester, waɗanda akawuna suka cike da alƙalami da tawada, layi bayan layi. Kowane layi bindiga ɗaya ce: lambarta, ranar da ta shigo sito daga masana'anta, doguwa ce ko gajera, irin bututunta, mai zagaye ne ko mai kusurwa takwas, irin kunamarta, ranar da aka fitar da ita, da lambar odar da ta tafi a ciki. Duk mai tsohuwar Winchester yana iya aika lambarta, ya biya kuɗi, a rubuto masa takarda mai ɗauke da abin da kundin ya ce. A kasuwar tsofaffin bindigogi, takardar Cody tana da nauyin da shaidar mallakar fili ke da shi a wurin mai sayen gida.

Aka duba lambar. An ƙera bindigar, an kuma fitar da ita daga sito a 1882, shekara biyu bayan rasuwar Oliver Winchester. Ɗaya ce daga cikin kimanin 25,000 da aka yi a shekarar. Nan kundin ya tsaya. Akawun bai rubuta sunan mai saye ba, bai rubuta garin da aka aika ta ba, don ba al'adar kamfanin ba ce a lokacin.

Jaridu suka yi lissafi, 2014 a cire 1882, suka samu 132. Daga nan wasu suka fara cewa bindigar ta shekara 132 a jingine. Wannan tsalle ne. Shekarun bindiga daban, shekarun da ta yi a gindin bishiya daban. Bindiga irin wannan takan yi shekara talatin ko arba'in tana aiki, ta fita daga hannun uba zuwa na ɗa, a sayar da ita, a yi musanyarta da doki ko sirdi. Lambar ƙira ta ba da iyaka ɗaya kawai: ba a jingine ta kafin 1882 ba.

Iyaka ta biyu daga cikin bindigar ta fito.

An kai ta Cody don a tsayar da lalacewarta. Kafin masu gyaran su taɓa komai, suna so su san abin da ke ciki, musamman ko akwai harsashi a ɗane. Gidan tarihin ba shi da na'urar da ta dace, sai aka ɗauke ta zuwa asibitin garin aka yi mata hoto irin wanda ake yi wa mai karaya. Hoton ya nuna tsagewa a katakon gindinta wadda aka taɓa ɗinkewa da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Ya kuma nuna wani abu a cikin ramin da ke gindin, wanda kamfanin ya yi don ajiye sandunan goge bututu, mai 'yar ƙofa a ƙarshensa. Da aka lallaɓa aka buɗe ƙofar, sai ga harsashi guda, ba a harba shi ba.

Harsashi ma yana da rubutu. A gindin kwansonsa akwai tambarin kamfanin da ya yi shi, Union Metallic Cartridge, kuma irin wannan tambari an yi amfani da shi ne tsakanin 1887 da 1911, kafin kamfanin ya haɗe da kamfanin Remington tambarin ya sauya. Ke nan hannun mutum ya buɗe wannan 'yar ƙofa a 1887 ko bayanta. Aƙalla shekara biyar bindigar ta yi a duniya kafin ta isa bishiyar, kuma tana iya yiwuwa ta yi fiye da haka nesa ba kusa ba, don harsashi kan daɗe a aljihu ko a kanti kafin a yi amfani da shi. Harsashin bai ba da iyakar ƙarshe ba, ta farko kawai ya matsar. Abin da ya rage na shaida shi ne kaurin ƙasar da ta binne gindin, da yadda rana da dusar ƙanƙara suka cinye katakon, kuma duka biyun suna nuna shekaru masu yawa.

Ni dai ƙusoshin nan ne suka fi tsaya mini a rai. Suna nuna cewa mai bindigar ba mai kuɗin da zai yar ya sayi sabuwa ba ne. Ta tsage, ya zauna ya ɗinke ta, ya ci gaba da aiki da ita. Da aka fara sayar da samfurin 1873 kuɗinsa dala 50 ne, zuwa 1882 ya sauko 25, wato wajen albashin wata guda na mai kiwon shanun haya a wancan zamani. Mutumin da ya ɗinke katakon bindigarsa, ya kuma ɓoye harsashi ɗaya a gindinta don ranar da ta ɓaci, da wuya ya tafi ya bar ta da gangan.

Mutanen da suka ratsa waɗannan duwatsu a shekarun ba su da wuyar lissafawa. A 1872 aka gano zinariya a Osceola, can ɗaya gefen dutsen, gari ya tashi. Da ruwan wanke zinariya ya yi ƙaranci, aka haƙa wata doguwar magudana mai tsawon mil 18, aka gama ta a 1890, ta ratso ta wannan yanki, ɗaruruwan leburori suka yi aikinta. Akwai makiyayan tumaki da ke hawa da garkensu da rani su sauko kafin sanyi. Akwai masu gonakin kiwo irin su Absalom Lehman, wanda kogunan dutsen da ke cikin gandun ke ɗauke da sunansa. Akwai maharba, akwai 'yan asalin ƙasar. Ma'aikatan gandun sun bi tsofaffin jaridun yankin da tarihin iyalai suna neman labarin wanda ya ɓatar da bindiga ko ya ɓata shi kansa, ba a samu wanda ya dace ba. Wanda ya taɓa shiga dajin da bishiyoyinsa duk kamarsu ɗaya ya san yadda mutum zai ajiye abu, ya bi sawun dabba ko tunkiyar da ta ɓalle, ya juyo ya rasa wace bishiyar ce.

Saura tambayar da kowa ke yi idan aka nuna masa tsohon abu: nawa za ta yi?

A ma'aunin dillalai, ba ta da wani kuɗin kirki. Abin da suka fi dubawa shi ne yawan abin da ya rage na asali. Winchester takan fito daga masana'anta da wani baƙin shuɗi mai sheƙi a ƙarfenta, da man da aka shafe katakonta da shi. Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, tana da matakan da ake auna tsofaffin bindigogi da su: wadda ta riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na launinta na asali, kuma ba a sauya mata ko sukuru ɗaya ba, tana sahun gaba. Wadda ta riƙe fiye da kashi 30 tana biye. Haka ake sauka har a kai ga wadda tsatsa ta ci, katako ya fashe, ba ta aiki. Bindigar junifa a wannan matakin na ƙarshe take. Ga shi kuma ba ta da ƙaranci, 'yan uwanta dubbai suna nan a hannun mutane, da yawansu har yau suna harbi.

Ƙaranci shi ke ɗaga farashi sama. A tsakiyar shekarun 1870 kamfanin ya riƙa ware bututun da suka fi kowanne saiti a gwaji, ya ƙawata su, ya rubuta musu "ɗaya cikin dubu", ya sayar da kowace dala 100. Guda 136 kacal aka yi a samfurin 1873. A 1950, da aka fito da fim ɗin Winchester '73 wanda James Stewart ya ja, masu fim ɗin suka yi shela a faɗin Amurka suna neman waɗanda suka rage, da alkawarin sabuwar bindiga ga masu su. Wannan shela ce ta farkar da mutane, wasu suka gane abin da ke rataye a bangon ɗakinsu. Yau irin waɗannan ana sayar da su ɗaruruwan dubban daloli a gwanjo. Inda kuɗi ya kai haka kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. Akwai masu ɗaukar bindiga ta gama-gari su sassaƙa mata rubutun, akwai masu sauya bututu, akwai masu sake rina ƙarfe su tsufar da shi da gangan. Abin da ke tona musu asiri shi ne layin nan na akawun sito: idan kundin ya ce bututu mai zagaye aka fitar, kai kuma ga mai kusurwa takwas a hannunka, magana ta ƙare.

Akwai kuma abin da ya fi ƙaranci tsada, shi ne sanin hannun da abu ya bi. A 2016, kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da wata Winchester samfurin 1886 mai lamba 1 a kan dala miliyan 1.265. An ba da ita kyauta ne ga Kyaftin Henry Lawton, hafsan da ya jagoranci farautar Geronimo, jagoran Apache, har ya miƙa wuya a 1886. Wanda ya biya wannan kuɗi, sunan Lawton da takardun da suka tabbatar da shi ya biya, tare da ƙarfen.

Bindigar junifa ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba launi, ba ƙaranci, ba suna. Duk da haka babu wata Winchester ta gama-gari da duniya ta sani kamarta, kuma mutane suna tuƙi na sa'o'i cikin hamadar Nebada don su tsaya gabanta. Darajarta tana cikin tsatsar da tokar katakon, da hoton da aka ɗauka kafin a motsa ta, da sanin ainihin bishiyar da ranar da aka same ta. Da wani mai yawo ne ya tsince ta ya jefa a bayan mota, ya kai gida ya goge, da yanzu tsohon ƙarfe ce kawai da labarin da ba mai iya tabbatarwa. Ba ta kuma da farashi a zahiri, don a ƙasar gwamnatin tarayya aka same ta, kuma dokar Amurka ta 1979 ta haramta ɗauke ko sayar da kayan tarihin da aka samu a irin wannan ƙasa. Ta jama'a ce.

Masu gyara a Cody sun fahimci haka, shi ya sa ba su mayar da ita sabuwa ba. Ba su kankare tsatsa ba, ba su shafa wa katakon mai don ya yi sheƙi ba. Wani ruwan gam mara launi suka sa wa katakon don ɓarɓashinsa ya daina zuba, suka bar ta da kamannin da aka gan ta da su. A ganina wannan shi ne daidai, kuma abin ya shafe mu. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da takobin kaka, ko sulke, ko tsohuwar adaka, ko tasar tagulla da aka gada. Da Sallah ta matso sai a sa yaro ya dirje su da toka da yashi da lemun tsami har su yi ƙyalli, wani lokaci a kai wa maƙeri ya sauya ƙota ko kube. Niyyar mai kyau ce, girmamawa ce. Amma kowace dirza tana tafiya da tambarin maƙeri, da rubutu, da alamar da wani masani zai iya karantawa wata rana ya ce wannan ƙirar wuri kaza ce, ta zamanin wane. Wanda ke da irin wannan kaya ya share ƙura da busasshen ƙyalle, ya ajiye inda ba laima, sannan ya zauna da dattijon gidan tun yana raye ya rubuta wa ya mallake shi, daga ina ya zo, a hannun wa da wa ya bi. Takardar nan ita ce abin da bindigar Nebada ta rasa.

Wata 21 bayan an sauko da ita, cikin Agustan 2016, tsawa ta faɗa a duwatsun, wuta ta tashi a kwarin Strawberry. Ta ci eka fiye da 4,000, kuma wani matashi ma'aikacin kashe gobara ya rasa ransa a wurin aikin lokacin da bishiya ta faɗo masa. Da wutar ta mutu ma'aikatan gandun suka hau gangaren, suka tarar bishiyar junifar da ta riƙe bindigar duk tsawon shekarun nan ta ƙone. Da bindigar tana nan, da katakonta ya zama toka, da harsashin da ke gindinta ya fashe, da shi da tambarinsa.

Yau tana cikin akwatin gilashi a zauren baƙi na gandun, a yankin ƙauyen Baker, da tsatsarta da ƙusoshinta. Har yanzu ba wanda ya zo da shaidar cewa ta kakansa ce.